Sifili a Gaba

Gadin mashina na yi a ƙofar wani asibitin kuɗi a nan Tudun Wada, tun 'ya'yana suna ƙanana har babbarsu ta yi aure. Aikin ba wani sirri gare shi ba. Mutum ya zo dubiya ko ya kawo mara lafiya, ya kafe mashin ɗinsa a rumfa, in rataya kati a hannun mashin ɗin, in ba shi ɗan'uwan katin ya sa a aljihu. In ya fito ya nuna mini, na ga lamba ta yi daidai, ya hau ya tafi. Katunan daga tsohuwar jarka na yanka su, wani mai rubuta allunan shaguna ya zana mini lambobin da fenti. Na farko a 99 suka tsaya. Da asibitin ya bunƙasa, mashina suka yi yawa, na koma wurinsa ya yi mini sababbi, su kuma masu gida uku ya yi: 001, 002, haka har sama. Ban tambaye shi dalili ba, na zuba su duka a gwangwani guda na ci gaba da aiki. To, a rumfata akwai 12, akwai kuma 012, kuma mashina biyu ne na mutum biyu. Wanda ya riƙo 12 ya nufi mashin mai 012, ko dai idonsa ba lafiya ko kuwa ɓarawo ne.

Mu biyu ne a ƙofar. Ɗayan, abokin aikina, mutumin Tudun Jukun ne, shi ke buɗe wa motoci get. Na girme shi kaɗan, ya fi ni baki da yawa.

Wata safiya manaja ya kira mu ofis ya ce an ba wani kamfani kwangilar gadi. Kamfanin ya yarda ya ɗauki tsofaffin ma'aikata, ya ba su kaki da takalmi, amma sai wanda ya ci jarrabawarsu ta rubutu, lissafi da Turanci. Wanda bai ci ba, asibiti ya gode masa. Na ce, "Ranka ya daɗe, mashin nawa suka ɓata a hannuna?" Ya ce ko ɗaya. Na ce to jarrabawar me kuma? Ya ce shi ma daga sama aka gaya masa.

Ni a aji biyar na firamare na tsaya. Ina karanta Hausa, ina rubuta sunana, ina tarawa da ɗebewa in an ba ni lokaci. Iyakarta ke nan. Shekaruna sun ba hamsin baya, gwiwa ɗaya ta fara ciwo, in na bar rumfar nan ban san wanda zai kalle ni ba.

Abokin aikina ne ya samo wata takarda ta fotokwafi a wani shago, wai irin tambayoyin da kamfanonin nan ke yi ne. Ta sha hannu har wasu layukan sun goge. A gidan hayar da muke akwai wata malama a ɗakin da ke kusa da namu, tana koyar da lissafi a wata sakandaren 'yan mata. Iyayenta mutanen kudu ne, amma a Sabon Gari aka haife ta, Hausarta ta fi tawa tsari. Matata ce ta roƙe ta. Ta ce ba komai, in ta dawo daga makaranta, tsakanin La'asar da Magariba, mu zauna a tsakar gida. Haka muka fara, ni da abokin aikina a kan benci, ita a kujerar roba, matata can gefe tana tsince shinkafa tana jin komai.

Yawancin tambayoyin ta wuce su da mu ba wahala sosai. Ɗaya ce ta tsaya mini a wuya. Ta fassara mana ita da Hausa: an ba ka lambobi huɗu, 0, 1, 2, 3. Ka jera su ta kowace hanya da za ta ba da lamba mai gida huɗu, kada ka maimaita ko ɗaya a cikin jeri guda. Sannan ka tara duk abin da ka samu.

Na ce, "A tara su a kai wa wa?"

Ta ce, "Baba, ba a kai wa kowa. Tambaya ce."

"Mai gadi kuma ake yi wa ita?"

"Ba ni na rubuta ba, Baba."

Abokin aikina ya ce, "Malama, ki bar shi. Ki faɗa mini amsar kawai in haddace. Ni kaina ba ya ɗaukar hanya, ƙarshe yake ɗauka."

Ta ƙi, a ranar dai. Ta kwaso murafun kwalbar lemo guda huɗu, ta rubuta lamba ɗaya-ɗaya a cikinsu da biro, ta jera a kan tire. Ta ce in ajiye 3 a gaba, in riƙa sauya wa sauran ukun wuri, in ga hanya nawa za su zauna. Na yi ta juya su. Shida suka ba ni. Ta ce haka kowace lamba za ta yi in ta zauna a gaba, shida-shida, sau huɗu, ashirin da huɗu ke nan. Ta ce ba sai na rubuta su duka ba, akwai gajeriyar hanya. Ban yarda ba. Abin da ban gani da idona ba ba na sa masa hannu, aikin rumfa ya koya mini wannan. Na ciro tsohuwar kalanda daga bango, na kifa ta, na fara rubutawa a bayanta. Karon farko ashirin da biyu na samu. Karo na biyu ashirin da biyar. Matata ta ce, "Malam, haihuwa suke yi ne?" Sai da malama ta nuna mini inda na rubuta 2013 sau biyu. A na uku suka cika ashirin da huɗu, a jere, wata ƙarƙashin wata.

Ta ce in tara layin ƙarshe, daga sama zuwa ƙasa. Na tara, 36. Ta ce in tara na kusa da shi. 36. Na kusa da shi ma 36. Na gaba ma haka. Gaskiya abin ya ɗan taɓa ni. Na duba kalandar nan, lambobi a hargitse kamar mashina ranar da aka yi haɗari a titi, amma kowane layi abu ɗaya yake bayarwa. Ta ce dalili shi ne kowace lamba ta zauna a kowane gida sau shida, ba wadda aka fifita. Wannan na gane shi, ko in ce na gan shi. Ta nuna mini yadda ake ba kowane 36 nauyin gidansa, na ɗaya-ɗaya, na goma, na ɗari, na dubu, a haɗa. Muka samu 39,996. Na ajiye biro na miƙe ƙafa.

Ta ce, "Ka kusa, Baba. Saura cirewa."

"Cire me?"

"Waɗanda suka fara da sifili. Ga su nan, guda shida. Ba sa cikin lissafi."

Na duba. 0123, 0132, da 'yan'uwansu. Ni na rubuta su da hannuna, da wahala kuma na samo su.

"Laifin me suka yi?"

"An ce lamba mai gida huɗu. 0123 ai ɗari da ashirin da uku ne. Gida uku ke nan."

Na sa yatsa na ƙirga mata. "Ɗaya, biyu, uku, huɗu."

"Sifilin da ke gaba ba a ƙirga shi. Ba komai ba ne."

"Na tsakiya fa? Wannan na cikin 1023?"

"Shi ana ƙirga shi."

"Ba sifili ɗaya ba ne? Marfi ɗaya kika rubuta, ga shi nan a tire."

Ta yi dariya, ta ce shi ne, amma wurin zama ne ya bambanta. A tsakiya yana riƙe wa gida wuri, a gaba ba abin da yake riƙewa. Na ce to na ji, ba komai ba ne. Mu cire. Muka tara shidan nan, suka ba da 1,332. Ta ɗebe daga 39,996, saura 38,664. Ta ja layi biyu a ƙarƙashi, ta ce amsa ke nan.

A nan kaina ya ƙulle. Na ce, "Malama, tsaya. Kin ce ba komai ba ne. Mun cire ba komai, kuma lissafi ya ragu da dubu ɗaya da wani abu. In ba komai ba ne, me ya fita?"

Ta ce sifilin ne ba komai ba, amma lambobin da ke bayansa wani abu ne. Na ce in wani abu ne, don me za a kore su? Ta ce don ba su aka tambaya ba. Na ce da murafun nan huɗu aka yi su, ba a maimaita ko ɗaya ba, duk sharaɗin da aka sa sun cika. Ta buɗe baki za ta yi magana, aka kira sallah.

Washegari na zo mata da katuna biyu daga gwangwanina, 12 da 012, na ajiye a kan tiren. Na ce ta gaya mini, ɗaya ne ko biyu. Ta juya su, ta ce a lissafi ɗaya ne. Na ce a rumfa in na ɗauke su ɗaya, ofishin 'yan sanda zan kwana. Na ce lambar wayata da sifili ta fara, ta kira ni ba tare da shi ba ta gani ko za ta shiga. Mitar wutar gidan nan ma, da muke faɗa a kanta kowane wata, sifili biyu ne a gabanta.

Ta ce, "Baba, waɗannan suna ne. Katinka suna ne ka sa wa mashin. Ba a tara su. Ka taɓa tara kati da kati?"

Ban taɓa ba. Maganar ta yi kama da gaskiya. Amma da na koma ɗaki na sake juya ta, sai na ga waɗancan ashirin da huɗun ma ba adadin komai ba ne. Ba buhu ba ne, ba mutane ba ne, ba mashina ba ne. Mu muka ƙirƙire su a bayan kalanda. In katina suna ne don ba ya ƙirga komai, to 3210 me take ƙirgawa? Na fito zan tambaye ta, na tarar ta rufe ƙofa.

Haka muka yi ta yi. Ta zo da bayani, in ji kamar na kama, in kwana in tashi ya zame. Har abin ya bi ni wurin aiki. In miƙa wa mutum kati mai sifili a gaba, in tsaya ina kallonsa, sai ya ce, "Baba, lafiya?" Abokin aikina kuwa ya samu abin da yake so, ya leƙa kalandata ya kwashe amsar. Duk motar da ya buɗe wa get sai ya juyo wajen rumfa ya ɗaga murya, "Talatin da takwas, shida shida huɗu. Malam, kana nan kana shari'a da ziro?" In ce masa ya kula da get ɗinsa.

Matata ce ta raba gardamar. Wata rana bayan malama ta tashi, ta ce, "Malam, kai fa jarrabawa aka ce ka ci, ba a ce ka ci gardama ba. Yarinyar nan ta gaji da kai, kunya ce ta hana ta faɗa. An ce ka cire, ka cire. In ka sa kaki sai ka zo ka ci gaba da musu."

Na ga gaskiyarta. Daga ranar na daina tambaya. Na koya wa kaina abin kamar yadda ake koya wa jaki hanyar gona: ka tara, sannan ka cire. Ina tafiya masallaci ina faɗa, ina dawowa ina faɗa. Malama ta ba ni wasu lambobin in gwada, 0, 2, 4, 5, na tara, na cire, ta duba ta ce daidai. Ta ba ni wasu, nan ma daidai. Ta ce, "Ka gani, Baba? Ka gane." Na ce mata eh. Ban gane ba, hannuna ne ya saba.

A wata makarantar firamare a Kwangila aka yi jarrabawar, ranar Asabar. Muna da yawa, har da samari masu takardar sakandare da ba su taɓa gadi ba. Aka zaunar da mu a bencin yara, gwiwata ta ƙi shiga ƙarƙashin tebur, sai a karkace na zauna. Mai kula da mu ya ce saboda irinmu zai karanta kowace tambaya ya faɗe ta da Hausa sau ɗaya. Na yi abin da zan iya a Turanci, wanda ba shi da yawa. Aka zo lissafi. Can wajen ƙarshe sai na ji ya ce an ba ka lambobi huɗu, ka jera su ta kowace hanya, kada ka maimaita, ka tara. Na gyara zama. Na waiga na ga abokin aikina ya riga ya duƙa yana rubutu.

Na duba takardar. 1, 2, 3, 4.

Na yi yadda na saba. Na haɗa su, goma. Sau shida, sittin. Kowane layi sittin ke nan. Na ba kowane gida nauyinsa, na tara a hankali, na sake tarawa. 66,660.

Sai na tsaya. Saura cirewa, kuma ba sifili. Na duba gaba, na duba baya, na kai takardar kusa da ido ko injin bugawa ne ya cinye shi. Babu. Na dubi amsar kuma, shida, shida, shida, shida. Ba ta yi mini kama da amsa ba. Duk waɗanda muka yi a gida a birkice suke fitowa bayan an cire, masu kyan gani irin wannan su ne na tsakiyar hanya, waɗanda in na tsaya a kansu malama ke cewa na kusa. Da a makon farko aka ba ni wannan, da na ja layi biyu na miƙe ƙafa. Amma an sha gaya mini cewa wurin da nake ganin an gama, nan ne ba a gama ba.

Na yi tunani, a can wa aka kora? Wanda ya fi kowa ƙanƙanta, in ya zauna a gaba. A nan wa ya fi ƙanƙanta? Ɗaya. Wata zuciyar ta ce ai 1234 gida huɗu ne cif. Wata ta ce 0123 ma haka ka ce, kuma ka ga yadda aka ƙare. Mai kula da mu ya ce lokaci ya kusa. Na rubuta shidan da suka fara da 1 a gefen takarda, na tara, 7,998. Na ɗebe. 58,662. Ta fito a birkice kamar yadda amsa ke fitowa. Na ja layi biyu.

Da yamma na faɗa wa malama a tsakar gida, ina ɗan jin kaina. Ta ajiye bokitin da ke hannunta.

"Baba, nawa ka samu kafin ka cire?"

Na faɗa mata.

"Ita ce amsar."

"Ke kika ce a cire."

"In akwai sifili."

"Ba ki ce in akwai ba."

"Na ce, Baba. Tun ranar farko na ce."

Mai yiwuwa ta ce. Matata ta ce ita ma ta ji. Na ce to, ni da farko na ƙi cirewa an ce ban yi daidai ba, yanzu na cire an ce ban yi daidai ba, a gaya mini ranar da zan yi daidai. Malama ta ce laifinta ne, duk waɗanda ta ba ni gwaji masu sifili ne, ba ta kawo za a canza ba. Na ce ba laifinta ba ne, ta yi don Allah. Ta ɗauko murafun za ta sake nuna mini, na ce ta bar shi, an riga an karɓi takarda.

Bayan 'yan makonni shugaban masu gadin kamfanin ya zo asibiti. Ya kira abokin aikina, ya ce ya je a gwada masa kaki. Ni ya ce mini ban kai maki ba. Na tambaye shi da nawa na gaza, kuma a wane ɓangare. Ya ce takardun suna babban ofis, shi sakamako kawai aka turo masa a waya. Na ce ko tambayar nan ce ta lambobi huɗu? Ya ce wace tambaya? Bai ma san da ita ba. Ya ce in yi haƙuri, ƙarshen wata zan miƙa rumfa ga wani yaro da za su turo.

Yanzu wani kango nake gadi a Dutsen Abba, na wani ɗan kasuwa da ya fara gini ya tsaya. Bulo ne da yashi da rodi, ba mai shiga ba mai fita. Abin da ake ba ni bai kai na da ba, kuma in ya ci gaba da ginin ko ya sayar, ban san inda zan nufa ba.

Kwanan baya na bi ta ƙofar asibitin zan je gida. Abokin aikina na tsaye a get cikin kaki, wandon ya yi masa gajere. Muka gaisa, ya tambayi iyali, ya ce rumfa ba daɗi tun da na tafi. Na ce masa akwai abin da nake so in sani, ya gaya mini tsakani da Allah. Tambayar nan, me ya rubuta?

Ya ce, "Talatin da takwas, shida shida huɗu mana."

Na ce, "Ai ba lambobin ba ne. An canza su."

"An canza?"

"Ɗaya, biyu, uku, huɗu aka bayar. Ba ziro."

Ya ɗage hular kakin ya sosa kai. Ya ce, "Wallahi ban duba ba."

Mota ta yi hon a bayansa, ya juya ya tafi buɗe get. Ni kuma na tsallaka titi.